Ku Bar Rubutu Ya Tsaya Mu Karanta

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma da kaina zan fara.

Kwanakin baya Baba ya ce in haɗa masa shafi a intanet kan tarihin gidanmu: yadda kakansa ya bi fataken Gwanja daga Kano har Salaga neman goro, yadda zuri'a ta zauna a zangon Kumasi, da yadda shi ya sauka Ingila. Ni kuwa na ce yau za a ga gwaninta. Na sa rubutu mai gudu a saman allo yana wa baƙi maraba, hotuna suna shigowa daga gefe, bango na tafiya daban, rubutu daban. Na kuma sa taswira wadda layin hanya ke tsawaita a kanta duk lokacin da ka gungura ƙasa.

Ƙanwata ce ta fara kwance min kai. A Manchesta aka haife mu, Hausar kicin muke ji, karatun kuwa sai da haɗa baƙi. Ta ce, "Yaya, kafin in gama kalma ta uku jimlar ta gudu." Sai Gwaggo ta aiko saƙon murya daga Kumasi: wai ta buɗe, ta jira, fari fat take gani, data kuma ta tafi. Baba da ya sa tabarau ya duba, cewa ya yi jiri yake ji. Wallahi kunya ta kama ni. Mutum uku aka yi abin dominsu, ba wanda ya karanta.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. Tun 1995 Microsoft ya sa rubutu mai gudu cikin Internet Explorer, Netscape kuma na da nasa mai ƙyaftawa, kowa ya ɗauka ado ne. Yanzu duka biyun an yi watsi da su a ƙa'idojin rubuta shafi. Flash da aka riƙa cika shafuka da shi, Adobe ya rufe babinsa a ƙarshen 2020. Gungurawa marar iyaka, wadda ke hana mu ajiye waya da dare, ana danganta ta da Aza Raskin a 2006, kuma shi da bakinsa ya nuna nadama daga baya.

To ba wai ina cewa duk motsi haram ne ba. A 2012 jaridar New York Times ta fitar da "Snow Fall", labarin dusar ƙanƙara da ta rufta wa masu wasa a kan dutse, inda taswira da bidiyo ke buɗewa gwargwadon yadda kake saukowa. Ya ci kyautar Pulitzer a 2013. Ni ma a nawa shafin taswirar ce kaɗai kowa ya yaba, har Baba ya riƙa komawa baya yana nuna mana Salaga. Me ya bambanta ta? Yatsanka take bi. Ka tsaya, ta tsaya. Linzami na hannun mai karatu.

Ra'ayina ke nan: motsin da ke jiran mai karatu alheri ne, wanda ke gaba yana jan sa wulaƙanci ne. Kuma mu ya fi shafa. Bature mai karanta harshensa kallo ɗaya zai yi wa layi ya wuce. Mu da muke neman kama Hausa kafin ta kuɓuce mana, sai mun tsaya mun bambance ƙ da k, mun maimaita kalma a baki. Rubutun da ba ya jira kamar ce mana yake yi ba domin mu aka yi shi ba.

Wani zai ce ai matasa ba sa karanta shafi in ba ya motsi. Haba! Mu ne fa muke karanta dogon saƙon gulmar dangi a WhatsApp har ƙarshe, ba hoto ko ɗaya.

Don haka masu haɗa shafukan ƙungiyoyinmu da makarantun Asabar, ga roƙona. Ƙa'idar da hukumar W3C ta fitar a 2008 ta ce duk abin da ya fara motsi da kansa ya wuce daƙiƙa 5, a ba mutum hanyar tsayar da shi. Ku bi ta. Wayoyi na da saitin rage motsi, shafi kuma na iya gane wanda ya kunna shi, to ku mutunta shi. Ku sa rubutu ya fara bayyana kafin hotuna. Sannan kafin ku saki aiki, ku tura wa wata gwaggo mai tsohuwar waya ta gwada.

Ni dai na cire komai sai taswirar. Gwaggo ta karanta har ƙasa, ta ma kira ta ce na rubuta sunan kakan Baba ba daidai ba. A nan na san kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Sai mun sake haɗuwa, a gaida mutanen gida.