Barin Birni Zuwa Ƙaramin Gari: Lissafi Kafin Ɗaure Kaya

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, wata tambaya da a da ba a cika jin ta ba ta shiga majalisun ma'aikata da ofisoshin malamai: shin kwalliyar zaman birni tana biyan kuɗin sabulu kuwa? Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Kuɗin haya ya bi sahu, haka kuɗin makaranta da na adaidaita-sahu. Magidanci mai albashi a Kano ko Kaduna ko Abuja, wanda iyayensa suka baro ƙauye domin neman rufin asiri, yau shi ne yake hangen Kazaure ko Dutse ko Azare, yana lissafin ko ya kwashe iyalinsa ya koma can. Wannan lissafi nake so mu duba a wannan mako, domin ana yawan yin sa da gaggawa, alhali kuwa abin da ke cikinsa ya haɗa da karatun 'ya'ya da lafiyar iyali da zaman aure.

A tarihinmu na kusa, hanya ɗaya ƙaura ta sani, wato daga ƙauye zuwa birni. Ɗan cin-rani yakan shigo bayan girbi ya koma da faɗuwar ruwa, har wata shekara ya ƙi komawa. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, da cinikin gyaɗa, da masaƙun Kakuri a Kaduna, da masana'antun Bompai da Sharaɗa, su suka ja mutane zuwa manyan birane. Abin da ya fara sauya wannan tsari shi ne ƙirƙiro jihohi: Katsina a 1987, Jigawa da Yobe da Kebbi a 1991, Zamfara da Gombe a 1996. Garuruwa irin su Dutse da Damaturu suka wayi gari a matsayin fadar gwamnati. Daga baya gwamnatin tarayya ta kafa jami'o'i a Dutse da Dutsin-Ma da Kashere a 2011, sannan Gashuwa da Gusau da Birnin Kebbi a 2013. Ke nan aikin albashi, wanda a da sai a birni, ya riga ya isa ƙananan garuruwa. Abin da bai isa ba tukuna shi ne masu albashin da iyalansu.

Ribar komawa ƙaramin gari a fili take, musamman ga ma'aikacin gwamnatin tarayya. Malamin jami'a da ke Dutse da takwaransa da ke Kano, in matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya ne, amma abin da albashin yake saya ya bambanta. Gidan da za a kama a ƙaramin gari ya fi yalwa, ya kuma fi sauƙin kuɗi. Gero da wake da shinkafa da kifi da nono suna fitowa ne daga ƙauyukan da ke kewaye, ba su bi ta hannun dillalai uku ba kafin su iso tukunya. Wanda zai iya sayen hatsi da kaka ya adana ya rage wa kansa rabin fargabar watan Yuli da Agusta. Akwai kuma ribar da ba ta shiga littafin kashe kuɗi, wato lokaci. Wanda ke zaune a Rijiyar Zaki ko Mariri yana aiki a wani ɓangaren Kano ya san sa'o'in da cunkoso ke cinye masa kullum. A ƙaramin gari, minti goma ya isa a kai yara makaranta, a wuce wurin aiki, a kuma dawo gida cin abincin rana. Uban da yake sallar Magariba a masallacin unguwarsu yana ganin abokan ɗansa da idonsa, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce a zamanin da shaye-shaye ya addabi matasa.

Sai dai Hausawa sun ce araha ba ta ado. Abu na farko da ya kamata mai shawarar ƙaura ya tambaya shi ne: idan naƙuda ta zo da gardama da ƙarfe biyun dare, ina za a nufa, kuma minti nawa ne zuwa can? Akwai manyan asibitocin tarayya a Birnin Kudu da Azare da Nguru, kuma suna ɗauke nauyi mai yawa. Duk da haka ƙwararrun likitocin zuciya da ƙoda da ciwon daji sun fi taruwa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Gidan da yake da tsohuwa mai ciwon suga da hawan jini, ko yaro mai amosanin jini, ko mai buƙatar wankin ƙoda duk mako, lissafinsa daban ne da na ango da amarya masu ƙoshin lafiya. Abin da aka tara daga rangwamen haya na shekara biyu, jinya guda ta wata ɗaya a birni tana iya lashe shi.

Na biyu shi ne tsaro, kuma a nan ba a yi wa ƙananan garuruwa kuɗin goro. Abin da ya shafi Kazaure ko Haɗeja bai yi daidai da abin da ya shafi wasu garuruwan Zamfara da kudancin Katsina ba. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda yaƙi da 'yan bindiga. A Satumban 2023 an sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen da suke haya a Sabon Gida, a watan da ya biyo baya kuma aka sace wasu ɗalibai mata a Dutsin-Ma. Baƙo mai mota da albashi a irin wannan wuri a idon kowa yake. Don haka a binciki garin, a kuma binciki hanyar da ke kaiwa gare shi, domin sau da yawa garin lafiya lau yake, hanyar ce ba ta biyuwa bayan La'asar.

Na uku shi ne ruwa da ƙasa. Filin da aka nuna maka a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Ambaliyar 2022 ta raba dubban mutane da gidajensu a garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja, inda ciyawar kacalla ta daɗe tana toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya sayi fili da rani bai ga komai ba tukuna. Haka nan batun takardu: a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin cikin birni yana hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsa. Yawancin filayen da ake yankawa a gefen gari gonakin gado ne, kuma sa hannun magaji ɗaya bai wadatar ba idan magadan goma ne.

Na huɗu, wanda maza suka fi mantawa da shi, shi ne uwargida. Matar da take koyarwa, ko take ɗinki, ko take sayar da atamfa da turare ta WhatsApp, kasuwarta tana cikin mutanen da ta sani ne. Kantin Kwari yana kusa da ita, 'yan'uwanta suna kusa, biki da suna da adashi duk a nan suke. Idan aka ɗauke ta zuwa garin da ba ta san kowa ba, an rage kuɗin shigar gidan, an kuma ɗora mata kaɗaici. Ƙaurar da aka yanke a majalisar abokai aka sanar da matar gida daga baya ba ta cika yin ƙarko ba. Haka yara: firamare ana samun mai kyau kusan ko'ina idan iyaye suna sa ido, amma sakandare mai malaman lissafi da kimiyya da ɗakin gwaje-gwaje sai an bincika sosai.

Akwai kuma batun zama baƙo. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a inda ya ga dama, amma ranar neman tallafin karatu ko aikin jiha takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ake tambaya. Wanda ya koma garin iyayensa ya tsira daga wannan, sai dai shi ma yana da nasa harajin. A garinku kowa ya san ranar da albashi ke shiga, kuma ba a rufe ƙofa ga ɗan'uwa. Zumunci ibada ne, amma wanda bai sa shi cikin lissafi ba zai ga rarar da ya yi tsammani ta zirare ta nan.

Abin da ya fi damuna a wannan batu shi ne rabin ƙaura, wadda ita ce mafi yawanmu muke yi. Ma'aikaci ya karɓi aiki a ƙaramin gari, ya bar iyali a birni, ya kama ɗaki guda, ya zo Litinin ya juya Alhamis. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa ake ganin wannan a hanyar Kano zuwa Dutse ta Wudil, kuma sababbin jami'o'i sun ƙara yawan masu yin sa. Lokacin da mai yake da araha ana iya jurewa. Yau kuwa tukunya biyu ce, haya biyu, kuɗin mota duk mako, ga kasadar hanya. Ɗalibi yana neman mai duba kundinsa ranar Juma'a ba ya nan, yara a gida suna tashi da uban ƙarshen mako. Garin ma ba ya amfana, domin albashin da aka biya da sunansa a kasuwar birni ake kashe shi. Daga nan sai mu dawo muna kukan cewa garin ba shi da makaranta mai kyau, ba shi da likita, ba shi da kantin littattafai. Wa zai buɗe makaranta mai kyau a inda masu iya biya suka bar 'ya'yansu a wani gari? Zariya ta zama abin da ta zama ne saboda malaman da suka zo Samaru bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sun zauna da iyalansu, suka sa 'ya'yansu a makarantun wurin, suka yi cefane a kasuwar wurin.

Hukumomi suna da nasu rabon. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Idan wannan ya tabbata a aikace, ma'aunin da za mu auna shugabanninsu da shi mai sauƙi ne: ruwan famfo, asibitin da ke da ungozoma da dare, da firamaren da shugaban ƙaramar hukumar zai yarda ya sa ɗansa. Jami'o'i da manyan makarantu kuma su fifita gina gidajen ma'aikata da makarantun 'ya'yansu a kan ƙawata ƙofar shiga.

Ra'ayina shi ne: mai tsayayyen albashi, wanda 'ya'yansa ke firamare, ba shi da majinyaci a gida, matarsa ta amince, garin kuma yana da aminci kuma bai wuce tafiyar sa'a biyu zuwa babban asibiti ba, ya koma, kuma ya koma gaba ɗaya. Ɗan kasuwar da cinikinsa ya dogara da cunkoson jama'a, da mai jinya, da wanda 'ya'yansa ke dab da jarrabawar kammala sakandare, su dakata. Wanda ya yanke shawarar tafiya kada ya sayar da abin da ya mallaka a birni a shekarar farko. Ya kama haya, ya ga damina guda da rani guda, ya san mai unguwa da limami da maƙwabta, domin da ɗan gari akan ci gari. Bayan nan ya sayi fili idan hankalinsa ya kwanta. Ya yi shawara da waɗanda suka riga shi, ya yi istihara, sannan ya ɗaure kaya.

Allah Ya zaɓa mana abin da ya fi alheri. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.