Idon Soja da Gonar Talaka

Tun kaka da kakanni manomin ƙasar Dutse yana karanta sama da idonsa: ya dubi gabas ya ga hadari, ya lura da juyawar iskar bazara, sa'an nan ya shirya iri. Amma ido iyakarsa gajimare. Abin da ke bayan gajimare kuwa, sojojin Amurka ne suka daɗe suna kashe dukiya domin ganinsa, kuma ba don manomi suka fara ba.

Tun farkon shekarun 1960 suka soma harba taurarin ɗan'adam na duba yanayi a asirce, cikin shirin da ake kira DMSP. A shekarar 1987 aka ɗora wa ɗaya daga cikinsu wata na'ura mai suna SSM/I. Ita ba hoto take ɗauka ba. Sauraro take yi, watau tana sansano gajerun igiyoyin rediyo waɗanda ƙasa da teku da ɗigon ruwa ke fitarwa da kansu. Waɗannan igiyoyi suna ratsa gajimare, dare da rana, saboda haka ana iya auna ruwan sama, da laimar iska, da ƙarfin iskar da ke kaɗa teku. Magajin shirin, WSF-M, ya tashi a watan Afrilu na 2024.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bajahune ko Bakiyaye da teku? Amsar ita ce, ruwan daminar da ke sauka a Jahun da Kiyawa daga Tekun Atlantika iskar kudu maso yamma ke ɗauko shi. Wanda ya san halin teku, ya fara sanin halin damina. Ambaliyar 2022, wadda ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Miga da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja, ta isa shaida cewa gargaɗin kwana biyu yana iya tsirar da rumbu da rai.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A watan Yuni na 2025 hukumomin sojan Amurka suka ba da sanarwar daina raba bayanan DMSP, sai da masana suka yi ca kafin aka janye shawarar. Taurarin da Nijeriya ta harba domin duba ƙasa a 2003 da 2011 kuwa masu ɗaukar hoto ne, gajimare na tare musu gani daidai lokacin da aka fi bukatarsu.

Ba a ce Jihar Jigawa ta harba tauraro ba. Abin da ya wajaba ya fi haka sauƙi. Lalle ne a yawaita ma'aunan ruwan sama a ƙauyuka, domin awon sama ba ya inganta sai an gwada shi da na ƙasa. Haka kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ta horar da masu iya fassara waɗannan bayanai. Nauyi na uku yana wuyan Sashen Hausa: a ƙirƙiro kalmomin da za su kai hasashen hukumar NiMet kunnen manomi ta rediyo, cikin harshen da yake ciniki da shi a kasuwar Shuwarin. Gargaɗin da bai shiga kunnen mai gona ba, da shi da babu duk ɗaya ne.