Ciwon Damuwa: Raunin Da Yaranmu Ke Girma Da Shi

Duk wanda ya ratsa unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde bayan sallar Isha'i zai ga yara ƙanana suna gewaya wuraren masu tsire, wasu na talla, wasu na jiran ragowar abinci. Akwai 'yan unguwa a cikinsu, akwai kuma waɗanda aka turo daga arewa, musamman tun shekarar 2014 da rikicin Boko Haram ya tsananta a Jihar Arewa Mai Nisa, ya raba iyalai da gidajensu. Mukan ce za su girma su manta. Binciken likitoci ya nuna ba haka abin yake ba.

Tsakanin 1995 da 1997 an bibiyi tarihin mutane fiye da 17,000 a Amurka, aka tambaye su abin da suka fuskanta suna yara: duka, zagi, cin zarafi, ko zama a gidan da ake dukan uwa ko ake shaye-shaye. Sakamakon da aka fitar a 1998 ya nuna cewa wanda ya haɗu da iri huɗu ko fiye na waɗannan, haɗarin kamuwarsa da ciwon damuwa ya ninka na wanda bai haɗu da su ba fiye da sau huɗu. Yaron da ke kwana cikin tsoro, jikinsa kan saba da zaman ɗar-ɗar, ya tashi yana ganin kansa ba kowa ba ne. Ya kai shekara 25, sai barci ya ƙaurace masa, ya daina shiga mutane, wani ma ya faɗa shan Tramol. Mu kuma sai mu ce aljanu ne, ko rashin tawakkali.

'Yan'uwa, addini bai bar mu cikin duhu ba. Annabi (SAW) maraya ya tashi, kuma kakansa Abdulmuɗɗalib da baffansa Abu Ɗalib suka rungume shi. Ya kuma nuna rashin jin daɗinsa ga mutumin da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Masanan ma sun tabbatar cewa babba guda ɗaya mai tausayi, wanda yaro zai dogara da shi, yana rage wannan illa ƙwarai.

Don haka duk wanda aka ba riƙon yaro, malami ne ko ɗan'uwa, ya sani ciyarwa kaɗai ba ta isa ba. Yaro na bukatar a saurare shi. Kwamitocin masallatai su san yaran da ke kwana a waje da sunayensu da iyayensu. Wanda kuma ciwon ya riga ya kama, a yi masa addu'a, sannan a kai shi ga likita. Asibitin Jamot na nan Yawunde yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Neman magani ba ya warware imani.

Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, amin.