Ba Gyara Ka Yi Ba, Toshe Masa Baki Ka Yi

Wata muguwar ɗabi'a ta kama masu kula da gungun Kubernetes, kuma ba yara sababbin shiga kaɗai ba, har da waɗanda suka yi shekaru suna cin albashi da sunan ƙwarewa. Mutum zai ƙara na'urar aiki a gungu, ya buga `kubeadm join`, kwamfuta ta ƙi, ta jero masa dalilanta layi-layi. Ko kallo ba su ishe shi ba. Sai ya garzaya intanet ya kwaso `--ignore-preflight-errors=all` ya liƙa a wutsiyar umarnin. Na'ura ta shiga, ya aika wa oga saƙo cewa an gama.

Malam, ba ka gama komai ba. Direba ne kai da fitilar man inji ta kawo masa ja, ya yanko salatif ya rufe ta, ya ci gaba da zuba gudu.

Binciken nan da ka kashe ba don ado aka sa shi ba. Shi ke duba ko manhajar da ke tafiyar da kwantenoni tana raye, ko wani abu ya riga ya tare ƙofa ta 10250 da kubelet ke buƙata, ko akwai ragowar fayilolin wani tsohon gungu a `/etc/kubernetes`. Kowane ɗaya yana da maganinsa, kuma yawanci bai wuce aikin minti goma ba. In ma akwai wanda ka tabbatar bai shafe ka ba, umarnin ya ba ka damar ambaton sunansa shi kaɗai. Kai kuwa ka yi musu kuɗin goro.

Ga swap. A tsarinsa na asali kubelet ba ya tashi muddin swap na kunne. Kowa ya san `swapoff -a`, amma wannan na yau ne kawai. Idan ba ka shiga `/etc/fstab` ka cire layinsa ba, ranar da aka ɗauke wuta janareta ya yi jinkiri, na'ura ta sake tashi, swap ya dawo abinsa, kubelet ya kwanta. Kai kana barci, kwantenonin da ke kanta suna neman mafaka a wasu na'urori da su ma sun cika. Da safe kuma a ce laifin wuta ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wasa da tikitin shiga. Da gangan aka tsara shi ya mutu bayan awa 24, kuma ƙirƙiro sabo layi ɗaya ne tak: `kubeadm token create --print-join-command`. Amma ragwanci ya sa wasu suke sa `--ttl 0`, tikiti ya zama ba ya mutuwa, sannan su jefa umarnin sukutum a zauren WhatsApp na ofis, inda har wanda ya ajiye aiki bara yake ciki. Kun san abin da kuka bayar kuwa? Duk mai riƙe da wannan tikiti, in dai zai iya kaiwa ga ƙofa ta 6443 ta uwar gungu, zai nemi satifiket na kubelet, tsarin da kubeadm ya kafa ya amince masa ba tare da wani mutum ya sa hannu ba. Daga nan kwamfutarsa ta zama 'yar gida. Mai rabon aiki zai turo mata kwantenoni, su zo da sirrikansu, har da kalmomin shiga rumbun bayanai. Ba fasa ƙofa ya yi ba, ku kuka miƙa masa makulli.

Haka masu yar da `--discovery-token-ca-cert-hash` don wai ya yi tsawo, su maye gurbinsa da umarnin tsallake tantancewa. Da wannan dogon layin ne sabuwar na'ura ke gane cewa uwar gungu ta gaskiya take magana da ita, ba wani ɗan damfara da ya tsaya a tsakani ba. Tsawonsa bai taɓa kashe kowa ba. Kwafa ake yi, ba hadda ba.

Sauran kurakuran ma duk 'ya'yan gaggawa ne. A kwafi na'ura ɗaya sau uku ba a canza suna ko lambar MAC ba, su zo suna rigima kan gurbi guda. A girka kubelet mafi sabunta alhali uwar gungu tsohuwa ce, bayan ƙa'ida ta hana kubelet ya wuce ta ko da taki ɗaya. A bi darasin da aka rubuta kafin 2022, shekarar da Kubernetes 1.24 ya cire dockershim, a zauna ana mamakin abin da ya sa Docker ya ƙi haɗuwa.

Kuma kalmar `Ready` da kuke ɗaukar hotonta kuna turawa ba shaidar lafiya ba ce. Na'ura tana iya nuna ta alhali katangar tsaro ta toshe ƙofar UDP ta 8472 da Flannel ke bi. Kwantena zai tashi ras, amma ba ya jin 'yan'uwansa na sauran na'urori, ba ya samun CoreDNS, abokan ciniki kuma su riƙa ganin shafi yana buɗewa sau biyu yana ƙi sau ɗaya. Irin wannan ciwo ya fi mutuwar na'ura gaba ɗaya wuyar ganowa. Me zai hana ka killace sabuwar da `kubectl cordon`, ka ɗora mata kwantenan gwaji, ka ga ya yi magana da na wata na'ura, sannan ka sake ta?

Su ma shugabanni ba su tsira ba. Ogan da ke tsaye a kan yaro yana "har yanzu?" shi ya koya masa toshe bakin kwamfuta.

Yau ɗin nan, kafin ka tashi daga ofis, buga `kubeadm token list`. Duk tikitin da ka ga ba shi da ranar mutuwa, goge shi. Sannan ka duba `kubectl get nodes` da kyau, ka tabbata kowace na'ura da ke ciki ka san wanda ya shigo da ita.