Kada a jira jif ta tsaya a hanyar Argungu kafin a tuna da gareji

'Yan'uwa matasa, akwai maganar da ba ta cika samun wuri a taron kwamiti ba, domin ba ta da daɗin ji kamar maganar sabon jita ko rigunan mawaƙa. Maganar kai mota sabis ce. Inda duk ikilisiya take da jif, ko an saye ta da baiko ko wani dattijo ne ya bayar, galibi makullin yana hannunmu. Mu ne muke kai fasto ƙauyuka, mu ne ake tayarwa da tsakar dare a kai mara lafiya asibiti, mu ne muke kwaso iyayenmu mata daga taron zumunta. Saboda haka mu ya fi kamata mu tsaya kai da fata a kan cewa a kai motar nan gareji a kan lokacinta, tun tana tafiya lafiya lau.

Littafin da ke zuwa da mota yakan ba da tsarin sabis iri biyu: na tuƙin yau da kullum, da na wurare masu wahala, inda akwai ƙura, zafi, laka da kaya masu nauyi. Wanda ya san kwarin Rima ya san a wane layi muke. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika filtar iska da ƙura, injin ya riƙa numfashi da ƙyar yana shan mai fiye da ƙa'ida. A Maris da Afrilu zafi yakan wuce digiri 40, nan ne lagireton da aka saba ɗura wa ruwan rijiya yake nuna halinsa, domin ruwan yana barin tsatsa da dauɗa su toshe ƙananan hanyoyin da ke ciki. Ruwan sanyaya inji na galan ba ado ba ne, maganin tsatsa ne a cikinsa.

Damina kuwa ita ce ta fi cutar jif, kuma tsayinta ne yake jawo mata. Ƙaramar mota idan ta ga ruwa ya sha kan hanya a fadama sai ta juya. Mai jif sai ya ce ai tawa za ta wuce, kuma ta wuce ɗin. Abin da bai gani ba shi ne, aksul ɗin da ya yi zafi idan ya nutse a ruwa mai sanyi yakan zuƙi ruwan ta ƙaramar kafar numfashinsa. Man da ke ciki sai ya koma fari-fari kamar kunu, ya daina kare ƙarfe, girishin ƙarƙashin mota kuma ya wanke. Motar ba za ta yi ƙorafi a ranar ba. Sai bayan wata uku ko huɗu a fara jin wani gurnani daga baya, a lokacin kuwa maganar ta wuce ta canjin mai. Duk wanda ya tuna ambaliyar 2020, yadda ta cinye gonakin shinkafa ta karya gadoji a jihar Kebbi, ya san irin ruwan da motocinmu suke shiga.

A irin wannan yanayi, abin da aka saba bi shi ne juye baƙin mai da filtarsa duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kimanin kilomita 50 ne. Motar da take zuwa ta dawo sau biyu a mako ta cika wannan adadi cikin wata shida, ba a ma lissafa zuwa Jega ko Sakkwato ba.

Mun san abin da ma'aji zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Garejin dillali yana da tsada, kuma ba a bayan gida yake ba. Manyan dillalan Toyota irin su Elizade da R.T. Briscoe hedkwatarsu tana Legas. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, tafiyar kanta kuɗi ce, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje kuma sun yi tashin gwauron zabi. Me zai sa a bar bakaniken unguwa, wanda ya san motar kamar yunwar cikinsa?

Ba mu ce a bar shi ba. Amma a san abin da ake saye a garejin dillali. Ana sayen jerin dubawa da ake bi ɗaya bayan ɗaya ko mota ta yi ƙara ko ba ta yi ba, da na'urar da ke karanta kwamfutar motar, da kayan gyara na asali, da hatimi a littafin sabis. Idan motar sabuwa ce kuma garantinta bai ƙare ba, babu wata muhawara, domin tsallake sabis zai iya sa kamfani ya zame hannunsa ranar da babbar matsala ta taso. Idan kuwa tsohuwar 'yar Kwatano ce, kamar yawancin namu, ra'ayinmu shi ne a kai ta babban gareji mai na'ura sau ɗaya a shekara, a haɗa da wata tafiyar da dama za a yi, sauran juyen kuma a bar wa amintaccen bakanike na gida. Sharaɗi ɗaya ne: baƙin mai ya zo a galan mai hatimi, a buɗe shi a gabanmu. Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi yana da sauƙi, amma araha ba ta ado, kuma kuɗin gyaran injin da ya buga zai yi juye na shekaru.

A garejin dillalin ma ba a miƙa makulli a tafi shan shayi. A nemi lissafi a rubuce kafin a taɓa komai. A tambayi wanne ne dole yau, wanne zai iya jira. A karɓi tsofaffin kayan da aka cire a gani da ido. Kuɗin nan na gwauraye ne da manoma da 'yan makaranta da suka saka a baiko, ba rashin kunya ba ne a yi tambaya a kansa.

Abubuwa biyu kuma ba inji suke kashewa ba, mutane suke kashewa. Man birki yana tsotsar danshi a hankali, shi ya sa ake canza shi kamar duk shekara biyu ko da birkin yana kamawa. Taya kuma tana da ranar haihuwa a jikinta, lambobi huɗu: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, komai kyan zanenta, kuma kwaltar Afrilu ba ta raga wa tsohuwar roba. A duba har da safaya.

Abin da muke roƙon dattawa ba mai yawa ba ne. A ajiye littafin rubutu ɗaya a cikin motar, duk wanda ya tuƙa ya rubuta kwanan wata da kilomita, da ko ya shiga ruwa. A ware kuɗin sabis a kasafin shekara da sunansa, kada ya zama abin da ake tashi neman gudummawa a kansa bayan sujada. Lokutan kuma biyu ne suka fi dacewa da mu: ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kuma kafin zirga-zirgar Kirsimeti, a duba aksul da birki da giris, sai ƙarshen Fabrairu, bayan ƙura ta lafa kuma kafin zafi ya kankama, a duba filtar iska da lagireto da tayoyi.