Muryar da Ba a Ganin Mai Ita

'Yan'uwa ɗalibai, babu ɗakin kwananmu da ba a jin waƙar fim a cikinsa. In an tambaye mu wadda ta yi rawa a cikin hoton, nan take za mu faɗi sunanta da garinsu. Amma in an ce mu faɗi wadda muryarta ke fita daga bakin mai rawar, sai a ga mun yi tsuru-tsuru. Mu a ganinmu wannan rashin sani ba ƙaramin abu ba ne, domin daga shi ne ake soma tauye haƙƙin wata baiwar Allah.

Wannan dabara ta a sa wata ta rera, wata kuma ta motsa leɓe a gaban na'ura, daga Indiya muka aro ta, domin tun kafin a ba mu mulkin kai ake nuna finafinan Indiya a gidajen silima na Kano. To, tun da can muka yi aro, ya kamata mu dubi yadda matan can suka yi da nasu al'amarin.

A 1913, sa'ad da Dadasaheb Phalke ya shirya Raja Harishchandra, bai sami macen da ta yarda ta fito ba, sai wani saurayi ma'aikacin gidan abinci, Anna Salunke, aka ɗaura wa zane ya zama sarauniya. Watau ƙyamar da ake yi wa 'yar wasa ba a kanmu aka fara ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka shigo daga baya kuwa talauci ne ya turo su. Madhubala tana ƙaramar yarinya ta fito a Basant cikin 1942, bayan mahaifinta ya rasa aikinsa. A shekarar ce kuma mahaifin Lata Mangeshkar ya rasu, shi da yake mawaƙi ne mai ƙungiyar wasan kwaikwayo. Lata na da shekara 13, ita ce babba cikin 'ya'ya biyar, sai ciyar da gida ya faɗo a kanta, ta shiga fitowa a finafinai kafin ta tsaya ga waƙa.

Waɗannan mata biyu sun haɗu a fim ɗin Mahal na 1949: fuska ta Madhubala, murya ta Lata. Da aka buga faifan babbar waƙar fim ɗin, ba a sa sunan Lata ba, sai aka rubuta Kamini, sunan da Madhubala ta fito da shi a labarin. Masu sauraron rediyo ne suka yi ta aika wasiƙu suna tambayar mai muryar, har aka shiga faɗin sunanta. A lura, jama'a ne suka fara tambaya, ba masu kuɗin fim ne suka farga da kansu ba.

Lata ba ta tsaya nan ba. An soma ba da kyautar Filmfare a 1954 ba tare da an ware wa masu rera waƙa gurbi ba, ita kuwa ta ƙi yin waƙa a bikin saboda haka. Da aka buɗe gurbin a 1959, ita ce ta fara karɓa. Daga baya ta nemi a riƙa ba mawaƙi kaso daga cinikin faifai, Muhammad Rafi kuwa yana ganin in an biya mutum ladan ranar, magana ta ƙare. Saɓanin ya kai suka yi 'yan shekaru ba su yi waƙa tare ba. Muna girmama Rafi ƙwarai, amma a wannan gardama muna bayan Lata. Ta rasu a 2022, bayan ƙasarta ta ba ta lambar girma mafi daraja, Bharat Ratna, tun 2001.

To, mu fa? Tun daga Turmin Danya na 1990 fim ɗin Hausa ya kafu a Kano, kuma ba a daɗe ba waƙa ta zama ita ke sayar da kaset. Mun san wasu daga cikin masu muryar: Fati Nijar da ta taso daga Maraɗi ta zo Kano, da Maryam A. Baba wadda waƙar Sangandale ta zame mata laƙabi, da Rabi Mustapha. Amma waɗannan su ne suka yi sa'a. Abin da aka saba shi ne a kira zabiya ɗakin ɗaukar murya, ta rera, a sallame ta, shi ke nan. Waƙar ta shiga gidan biki da tashar mota da YouTube, ta yi shekaru tana kawo kuɗi, ita ko ba ta ganin ko anini. Sau nawa muke ganin waƙa ɗauke da sunan namiji shi kaɗai, alhali rabin baitocin mace ce ta rera? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada a ce ai 'yar wasan da ake ganin fuskarta ta tsira. A 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta tsufa a cikin sana'ar, ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta in ta fito. Wasu masu shirya fim sun musanta, wasu suka goyi bayanta, aka yi ta cacar baki. Ba mu yanke hukunci tsakaninsu. Abin da ya dame mu shi ne, da a ce kowane aiki da takardarsa, da gardamar ba ta kwana ba.

Masu cewa mace ba ta da hurumi a waƙa, mu tuna musu da Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Da kiɗan ƙwarya ta yi suna, ba wanda ya taɓa jin amadarta ya ɗauka ta wata ce, domin a gaban mata take tsayawa ta rera. Na'ura ce ta raba murya da mai ita, kuma wanda ya mallaki na'urar ya ci ribar rabuwar.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar MOPPAN da masu ɗakunan ɗaukar murya da su yi abu biyu. A rubuta sunan zabiya a duk inda aka rubuta sunan waƙa, da girman da aka rubuta na namiji. Sa'an nan kada a ɗauki muryar kowa sai da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi kasonta. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya da aka sa wa hannu a 2023 ta tanadi haƙƙin mai rerawa da mai wasa, sai dai doka ba ta bin mutum gida ta karanta masa kanta. 'Yan'uwanmu na sashen shari'a na iya fassara waɗannan sassa da Hausa, na sashen harsunan Nijeriya masu rubuta kundin digiri a kan waƙoƙin fim kuma su daina rubuta "wata zabiya", su je su tambayo sunanta.