Ɗan Zango A Garin Kakansa

Makon nan zancen gida zan yi muku, ko da yake ita kalmar gida ɗin ce ta daɗe tana ba ni wuya.

A Zangon Kumasi aka haife ni. Fataucin goro ne ya kai kakana ƙasar Gwanja, kamar sauran Hausawan da suka riƙa bin ayari zuwa Salaga, daga can ya gangara Kumasi ya zauna. Asantawa suna ce mana baƙi, mu kuwa ba mu musa ba, domin kullum dattawa faɗa mana suke yi gidanmu Kano. Kanon nan fa, har ubana bai taɓa ganinta ba.

Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busia ta kafa doka, ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar Gana cikin mako biyu. To, wa ke neman takarda a garin da aka binne cibiyarsa? Ubana ya karyar da rumfarsa, muka hau babbar mota tare da Yarabawa, waɗanda suka fi mu yawa cikin korarrun.

Dangi a Kano sun karɓe mu hannu biyu, wannan ba zan ɓoye ba. Bakina ne ya tona ni. Hausar zango ba ta damu da raba namiji da mace ba, saboda haka ranar da na ce "Inna ya zo", yaran unguwa suka yi ta dariya har da faɗuwa. A Kumasi ni ɗan Nijeriya ne, a Kano sai na zama Ɗan Gana, sunan da ya bi ni har na yi furfura. Na shekara ina auna kowace kalma kafin in furta ta.

Da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takarda a Janairun 1983, su ma mako biyu aka ba su, maƙwabta suka zo yi mini murna, wai an rama mana. Na kasa amsa musu. Na je tasha na ga mutane zaune bisa jakunkunan nan da ake kira Ghana Must Go, wata tsohuwa cikinsu tana rarrashin jikanta da irin Hausar uwata.

Kwanan baya ɗana, haifaffen Kano, ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Ma'aikacin ya tambaye shi inda aka haifi ubansa, ya ce Kumasi. Kakansa fa? Ya ce Kumasi. Sai ma'aikacin ya ajiye alƙalami, ya ce ya je ya zo da mai unguwa.